Malaman Makarantar Lahadi, me kuke samu a intanet da yake yi muku amfani da gaske?

Maman Godiya, Saminaka

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na daɗe ina karanta maganganunku ina yin shiru, yau dai na kawo tawa damuwar.

Ni ba malamar makaranta ba ce, ɗinki nake yi. A watan Janairu dattawan ikilisiyarmu suka tsayar da ni bayan sujada, suka ce tunda malamar da take riƙe da yara ta yi aure ta koma Kafanchan, ni suke so in karɓa. Ban iya cewa a'a ba. 'Ya'yana uku suna cikin ajin, kuma ni kaina a irin wannan ajin na fara haddace aya, a bakin wata tsohuwa da ba ta taɓa shiga aji ɗaya na boko ba.

Majami'armu tana wani ƙauye ne kusa da Saminaka, sujadar Hausa muke yi. Sunayen da ke cikin rajistata 64 ne, amma masu zuwa kowace Lahadi sukan kai 45 zuwa 50, da damina kuma su ragu. Akwai mai shekara 3, akwai mai 13, duk a ɗaki ɗaya. Mu biyu ne a kansu, ni da wata yarinya da ta gama sakandare tana jiran samun gurbin karatu, wato ko yaushe za ta iya tafiya. A tsohon ginin majami'a muke zama, benci shida ne, sauran yaran a tabarma. Babu wuta. Yawancinsu Kurama suke ji a gida, Hausa a waje, Turanci kuwa sai 'yan manyan, shi ma kaɗan kaɗan.

Abin da na gāda a cikin akwatin malamar shi ne littafin jagora guda ɗaya na shekarun baya wanda bangonsa ya cire, da wasu tsofaffin hotunan da ake mannawa a jikin bargo, gara ta ci rabinsu. Na yi wata biyu ina juya labaran da na sani da ka: Nuhu, Yusufu, Musa a cikin kwando, Daniyel a ramin zakoki. Wata Lahadi ina buɗe baki sai wani yaro ɗan shekara 10 ya ce, "Anti, yau ma Dauda da Goliyat ne?" Ba da raini ya faɗa ba, tambaya ce kawai. Amma har na isa gida maganar tana ci mini rai, domin gaskiya ya faɗa.

Shi ne na shiga intanet a wayata. Kayan koyar da yara kam ga su nan kamar ƙasa, sai dai kusan duka da Turanci. Na samu wani darasi mai kyau a kan ɓatacciyar tunkiya, na zauna daren Asabar bayan na rufe shago ina mayar da shi Hausa har ƙarfe ɗaya. Da na kai ƙarshe sai na ga ana son kowane yaro ya samu almakashi, da gam, da takarda mai launi, da auduga. Yara 50! Wani darasin kuma ya ce a raba su rukuni huɗu bisa shekaru, kowane rukuni da ɗakinsa da malaminsa.

Sai na gwada bidiyo. Na sauke wani zanen katun na minti 7, ya cinye mini datar mako guda. Ranar Lahadi na ɗaga wayar sama, yara suka yo kaina gaba ɗaya. Na baya suna turo na gaba, wata 'yar shekara 4 ta faɗo daga benci leɓenta ya fashe. Da zanina na share mata jinin, na goya ta na kai wa uwarta a cikin babbar majami'a ana tsakiyar wa'azi. Uwar ba ta ce mini komai ba, amma na ga fuskarta. Tun ranar ban sake fito da waya a aji ba.

To 'yan'uwa, ku da kuka riga ni a wannan hidima, ina ake samun abin da aka yi da Hausa, ko wanda za a iya juya shi ba tare da an kwana a zaune ba? Wanda ba sai da katin banki ba, ba kuma mai cin data ba. Sannan yaya kuke amfani da shi a wurin da babu wuta, babu majigi? Ba na son in riƙe yaran nan shekara guda su tashi da labari biyar kawai.

Ɗan Tangale, Billiri

Anti sannu da aiki, Allah ya ƙara ƙarfi. Ni gyaran waya nake yi, kuma shekarata huɗu ina taimakawa a ajin yara, don haka bari in faɗa miki abin da na gwada da hannuna.

Abu na farko, ki cire bidiyo daga lissafi tukuna. Wayar taki ce, ta shiri ce, ba ta yara ba. Abin da zai shiga aji shi ne hoto a takarda da murya a sifika.

Don hotuna, ki nemi FreeBibleimages. Wata ƙungiya ce a Ingila, kyauta suke bayarwa, ba a ko tambayar kuɗi. Sun jera labaran tun daga Farawa har Wahayi, kowane labari da hotunansa bi da bi, akwai na zane, akwai waɗanda aka ɗauka da mutane. Amfaninsu a wurinmu shi ne hoto ba shi da yare. Ki sauke na PDF, ki zaɓi guda biyar ko shida da suka ɗauke labarin, ki kai shagon buga takardu a Saminaka su fitar miki baƙi da fari, in da hali a babbar takarda. Na zane sun fi fita. Mu nan manyan yara muke ba wa su shafa launi a tsakiyar mako, sai mu manna a bayan kwalin taliya mu sa a leda. Waɗanda muka yi tun bara har yanzu suna nan.

Don murya kuma akwai manhaja mai suna 5fish, ta Global Recordings Network. Su tun 1939 suke ɗaukar labaran Littafi Mai Tsarki a harsuna, kuma suna da na Hausa. Ki duba jerin da suke kira Look, Listen & Live, littafi takwas ne, kowanne hoto 24, muryar tana tafiya tare da hotunan. Akwai wani kuma mai hoto 40 da ya taso daga halitta har zuwan Yesu. Ki rubuta Kurama ma a wurin nema ki gani, domin harsunan da suka ɗauka sun haura dubu shida. Ni ranar da na kunna wa yaranmu da Tangale, har iyayen da ke wucewa sai da suka tsaya.

Bible.is kuma ta Faith Comes By Hearing ce, tana da karatun Sabon Alkawari da Hausa. Ana sauke sura a ajiye, daga baya a ji ba tare da data ba. YouVersion tana da Littafi Mai Tsarki na Hausa fiye da juyi ɗaya, har da Sabon Rai Don Kowa na 2020. Fim ɗin Yesu da aka ɗauko daga Bisharar Luka shi ma yana nan da Hausa, amma wannan sai ranar da aka samu aron majigi da janareta, a haska wa gari duka a bango.

In tsarin shekara kike nema, ki duba Open Bible Stories. Labari 50 ne a jere daga halittar duniya zuwa dawowar Ubangiji, kusan ɗaya ke nan ga kowace Lahadi. Jimlolin gajeru ne, kuma sun ba da izini a fili kowa ya fassara ya buga ya raba, ba sai ya nemi takarda daga wurinsu ba.

Maganar data, ki sayi ta dare, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ki sauke na wata guda a zama ɗaya ki zuba a memori. In akwai malamin wata ikilisiya kusa da ke da ya riga ya sauke, ku haɗu ku tura da Xender, ko kobo ba za ki kashe ba. 'Yar ƙaramar sifikar nan ta MP mai cin memori ta ishi ɗaki irin naku.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. In kika rubuta "labaran Littafi Mai Tsarki don yara" da Hausa, cikin abubuwan farko da za su fito akwai na Shaidun Jehobah, domin sun fassara kayansu da yawa zuwa Hausa, hotunan kuma suna da kyau. Koyarwarsu game da ko wanene Yesu, da Triniti, ba ɗaya take da tamu ba. Kowane abu kika samu ki gangara ƙasan shafin ki ga masu shi, in kin yi shakka ki nuna wa fasto.

Kaka Malama, Jos

'Yata, na karanta maganarki sau biyu, wurin yarinyar da ta faɗi kuwa sai da na ajiye tabarau. Kada ki bar abin ya karya miki gwiwa. Ki je gidan uwar da kanki a tsakiyar mako, ki gaishe ta, ki duba leɓen. Wannan ziyarar za ta yi miki aikin da darasi goma ba za su yi ba.

Na koyar da yara a majami'a shekara 41, na kuma yi aikin firamare har na yi ritaya. Jikata ce take buga mini wannan. Abin da ɗana na Billiri ya lissafa duk mai kyau ne, hotunan nan na Ingila ma na gan su a wurin malamanmu. Amma kafin ki bi su, ki fara tambayar fastonku littafin jagora na ɗarikarku na bana. Ɗarikunmu na Arewa suna buga nasu, akwai na Hausa. Mu a ECWA a Challenge Bookshop muke samun kayanmu tun ina budurwa. Dalilina shi ne littafin ɗarika yana tafiya da abin da ake koya wa iyayen, ya san lokacin Kirsimeti da Ista da godiyar kaka. Shi ne tuwon, na intanet miya ne. Kuɗinsa kuma ba daga aljihunki zai fito ba. Dattawan da suka ɗora miki aikin su ware wani abu daga baiko. Ki rubuta musu a takarda: littafi kaza, alli kaza, buga hoto kaza a wata. Dattawa sun fi jin magana in ta zo da lissafi.

Na biyu, ki daina fassara. Abin da ya sa kika kai ƙarfe ɗaya ke nan. Wanda ya rubuta darasin yana tunanin yaron Amurka ne mai ɗaki da tebur. Ke ki karanta nassin a Littafinki na Hausa sau uku, ki duba darasin nasu ki ɗauki abu ɗaya tak, wato gaskiyar da ake so yaro ya tafi gida da ita, sauran ki bar musu. Yaronki bai bukatar tunkiyar auduga, da safen nan ya kai tumaki kiwo kafin ya zo. Ki tambaye su, wa akuyarsu ta taɓa ɓata? Wa ya bi ta? Ƙarfe nawa aka dawo? Za ki ga hannuwa sama. Majajjawar Dauda kuwa yaranmu sun fi mai zanen hoton saninta, da ita suke korar tsuntsaye a gona. Fitila, gishiri, yisti, iri, rijiya, tulu, duk suna cikin gidanki. Ta wannan fannin yaranmu sun fi kusa da duniyar Littafi Mai Tsarki fiye da waɗanda aka rubuta wa darussan.

Inda za ki yi hankali shi ne abin da ba mu da shi. Ishaya 1:18 ta yi maganar fari kamar dusar ƙanƙara, sannan ta ƙara da ulu. Ni audugar da ta fashe a gona nake kawo musu su taɓa. Akwai kuma ɗan littafin nan marar rubutu, mai shafuka masu launi, wanda za ki ci karo da shi ko'ina a intanet. Wani faston Ingila mai suna Spurgeon ne ya fara wa'azi da shi a Landan a 1866, da baƙi da ja da fari, daga baya aka ƙara ruwan zinariya da kore, ƙungiyar Child Evangelism Fellowship kuma ta yaɗa shi duniya. Yana da amfani ƙwarai, na yi shekaru ina aiki da shi. Amma wata rana ina cewa baƙin shafi shi ne zunubi, sai na ga wata yarinya a layin gaba ta juya bayan hannunta tana kallo, ta ɓoye shi a ƙarƙashin riga. Daga ranar ban sake cewa baƙi ba. Duhu nake cewa, duhun dare da babu wata, inda mutum bai ganin hanya. Mai rubutu a can ba zai tuna da wannan ba, ke ce za ki tuna.

Sai maganar ayar haddacewa. Wayar za ta ba ki juyi iri iri, ki tsaya a kan wanda ake karantawa a bagadinku. Mu da muka tashi da tsohon juyi na 1932, "Gama Allah ya yi ƙaunar duniya" muka haddace, Yohanna muke cewa. Juyin 1979 kuma ya fara da "Saboda ƙaunar da Allah ya yi wa duniya," yana kuma cewa Yahaya. In yaro ya haddace ɗaya ya je gida kakarsa ta gyara masa da ɗayan, sai ya ruɗe ya daina faɗa. Ki gaya musu tun farko aya ɗaya ce, Hausar ce ta bambanta.

Kin ce ɗinki kike yi kamar wani rashi ne. 'Yata, ina ƙyallayen da suke zuba a ƙarƙashin kekenki? Mayafi biyar, rawani biyu, ɗamara, jakar makiyayi, kin gama kayan wasan kwaikwayo na shekara. 'Yan 11 zuwa 13 ɗin nan da suke gajiya da maimaici, ki mayar da su mataimaka. Su riƙe hoto, su yi wasan, kowanne ki ba shi ƙanana biyar ya koya musu ayar a gindin bishiya. Daga cikinsu za ki samu wadda za ta maye gurbin yarinyar in ta tafi makaranta.

Ɗan'uwa daga Maraɗi

'Yar'uwa barka da hidima. Mu nan Nijar damuwar iri ɗaya ce, sai dai namu kayan da Faransanci suke zuwa, yaran da ba su shiga lakwal ba kuma ba su jin ko kalma. Ƙungiyar Child Evangelism Fellowship da Kaka ta ambata, a ƙasashen Faransanci AEE ake ce mata, in wani daga wajenmu yana nema. Littattafan Hausa da yawa daga Najeriya suke shigo mana, to wani lokaci kalmar da aka ara daga Turanci ba ta shiga kunnen yaranmu, sai mun canza.

Abin da ya taimake mu shi ne mu malamai bakwai na majami'u huɗu muka buɗe zaure a WhatsApp. Kowane mako mutum ɗaya ke shirya darasi, ya yi shi da murya, minti biyar, yadda zai faɗa wa yara. Sauran su saurara a salula ranar Juma'a, kowa ya gyara daidai da ajinsa. Biyu daga cikinmu karatu na yi musu wuya, amma a ba da labari babu mai kama ƙafarsu. Sau ɗaya ke nan a mako bakwai aikin ke faɗo wa mutum. Ki nemi malaman ƙauyukan da ke kewaye da ku, ba ke ɗaya ce ke kwana a zaune ba.

Malamin Yara, Bokkos

Mama, ni abin da zan ƙara ba na daɗi ba ne, amma ya kamata a faɗa.

Ina koyarwa a wata majami'ar COCIN. Bayan harin jajibirin Kirsimeti na 2023, ajina ya cika da yaran da suka gudo daga ƙauyuka. Lahadi ta uku na ɗauko Zabura 23, a ganina ita ce za ta kwantar musu da hankali. Na sauko da hoto mai kyau, makiyayi da sanda a kafaɗa, tumaki a bayansa. Ina ɗaga shi wani yaro ɗan shekara 7 ya shige ƙarƙashin benci. Da na lallashe shi ya fito, ya ce mini, "Malam, masu irin wannan sandar ne suka ƙone gidanmu." Jikina ya yi sanyi. Hoton ba shi da laifi, nassin ba shi da laifi, ni ne ban tsaya na tuna su wa ke zaune a gabana ba.

Sai da na yi makonni kafin na dawo kan Zaburar. Na fara da tambayar wa yake kula da awakin gidansu. Wata ta ce yayanta, wani ya ce shi da kansa. Daga nan muka iso ga Dauda yana yaro a bayan tumakin babansa. Ban so su tashi suna jin tsoron kalmar makiyayi da Yesu ya kira kansa da ita ba, ban kuma so su tashi da ƙiyayyar duk mai kiwo, domin akwai waɗanda muka yi shekaru muna sayen nono a hannunsu lafiya lau.

Don haka duk hoto ko murya da kika sauke, ki gani ki ji har ƙarshe kafin Lahadi. Karatun da aka yi kamar wasan kwaikwayo yakan zo da ihu da ƙarar takuba. Labarin Hirudus da jariran Baitalami, ko hotunan gicciye masu jini, ba kowane aji ne zai ɗauka ba. In kina da yaran da suka ga tashin hankali, akwai shirin warkar da raunin zuciya na Trauma Healing Institute, ƙarƙashin Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Amurka, yana da ɓangaren yara 'yan 8 zuwa 13. Wannan ba abin saukewa a fara koyarwa ba ne, horo ake yi. Ki tambaya ta wajen Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya ko ofishin ɗarikarku.

Kuma don Allah kada a riƙa ɗora hotunan yara a Facebook da sunan ƙauye da lokacin da suke taruwa. Na ga malamai suna yi da kyakkyawar niyya don neman taimako. Ko iyaye sun yarda, a rufe sunan wuri. Kada kuma babba ɗaya ya keɓe da yaro a ɗaki, ko ni, ko fasto, ko wa. Ku biyu ɗin nan ku zauna ku biyu har a sallami na ƙarshe.

Maman Godiya, Saminaka

'Yan'uwa ku gafarce ni, mako uku ban dawo ba, aikin ɗinkin biki ne ya riƙe ni. Na gode ƙwarai, Ubangiji ya sāka wa kowa.

Kaka, na je gidan uwar yarinyar ranar Laraba da 'yar rigar da na haɗa mata da ragowar atamfa. Leɓen ya warke. Mun daɗe muna hira, ashe ita ma ta taɓa riƙe yara a garinsu kafin aure. Ta ce za ta riƙa zama da ƙananan Lahadi biyu a wata. Takardar lissafin ma na kai wa dattawa. Sun amince da kuɗin buga hotuna, sakatare kuma ya ce zai taho da littafin jagora in ya je taron gunduma.

Ƙanena na Billiri, na sayi datar dare kamar yadda ka ce. Na sauke hotunan labari huɗu da Luka sura 18 da 19 da murya. Shida na buga na labarin Zakka, mai shagon ya rage mini kuɗi da ya ga na majami'a ne. MP ɗin maigidana na ara.

Ga yadda Lahadin ta kasance. Da nake karanta Luka 19 a gida, sai na tsaya a kan itacen da Zakka ya hau. Ɓaure ne. Akwai ɓaure a bayan majami'armu, kan hanyar rafi, yaran nan kullum suna kansa. Sai muka kwashi tabarmi muka koma can. Na ɗaura wa yaron nan da ya yi mini tambayar Dauda da Goliyat rawani, na rataya masa jaka cike da marafan kwalba, na ce kai ne shugaban masu karɓar haraji. Manyan suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suka tare masa hanya, yana tsalle bai ganin komai, ƙananan suna ta dariya. Da ya haye reshen farko sai na kunna karatun. Ana kaiwa inda Yesu ya ɗaga kai ya kira sunansa, cajin MP ya ƙare. Na ƙarasa da bakina. Na ce, "Zakka, yi maza ka sauko," wurin ya yi tsit, har na ji ƙarar marafan a jakarsa yana saukowa. Hotunan sai a ƙarshe na fito da su, na barbaza a tabarma na ce su jera su yadda labarin ya tafi. Sun yi gardama sosai a kan na huɗu da na biyar. Babu wanda ya faɗi, babu wanda ya yi kuka.

Bayan an tashi wata 'yar shekara 12 ta tsaya tana taya ni naɗe tabarma. Ta ce, "Anti, in mutum ya riga ya cinye kuɗin mutane, ba shi da abin mayarwa riɓi huɗu, Yesu zai shiga gidansa?" Yadda ta yi tambayar tana kallon ƙasa, na san ba Zakka take nufi ba. Na ce mata Yesu ya ce zai sauka a gidan tun kafin Zakka ya yi alkawarin ko sisi, ta duba aya ta 5 da ta 8 ta gani. Sauran na ce za mu zauna ni da ita da matar fasto. Ku sa ta a addu'a, ba zan faɗi fiye da haka ba.

Malam na Bokkos, saboda maganarka na saurari sura ta 18 har ƙarshe ni kaɗai kafin in kai aji. Muna da yara biyu da suka zo zama wurin kakarsu daga wajen da aka yi rikici, ban taɓa tambayar abin da suka gani ba. Zan fara da kakar.

Inda har yanzu na rasa dabara shi ne 'yan 3 zuwa 5. Minti goma suke bi na, sai su watse. In akwai mai gajerun waƙoƙin Hausa masu motsa hannu, ya taimaka ya yi mana su da murya. Ɗan'uwa na Maraɗi, na yi magana da malamai biyu na ƙauyukan kusa, ɗaya ta yarda, ɗayan wayarsa ƙarama ce, sai dai memori.

Lahadi mai zuwa makahon Yariko ne, daga Markus 10 zan ɗauko saboda wurin da ya yar da mayafinsa ya yi wuf ya tashi. Mayafin yana kan kekena yanzu, saura kalmasa. Yara uku sun riga sun zo shago suna roƙon su zama makahon.